Sa Hannun Sista Sosamma

Shekara ashirin da tara Sista Sosamma ta yi a asibitin mishan na kan tudu, goma sha huɗu daga ciki tana shugabar ɗakin maza, kuma babu wanda ya taɓa shakkar cewa ranar da tsohuwar Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta yi ritaya kujerar tata ce. Ita kanta ba ta yi shakka ba. Har sabon sari, zanen adon matan ƙasar, ta saya ta adana a ƙasan akwati. Sai ga shi ranar Litinin ta farko a watan Yuni, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, Fada, limamin cocin da ke shugabantar asibitin, ya tara su a zauren taro ya gabatar musu da Tresa.

Tresa fa, yarinyar da Sosamma ta koya wa shimfiɗa zanen gado. Ita ce wadda ta suma ranar da ta fara ganin an yanke ƙafar mai ciwon sukari, sai da aka yayyafa mata ruwa. Ta tafi Ireland ta yi shekara goma sha biyu, ta dawo da digiri na biyu, da tabarau mai siririn ƙarfe, da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ke tilasta wa mutum ya matso kafin ya ji. Sosamma ta tafa tare da kowa. Da ta koma gida ta ciro sarin nan ta ba ƙanwar mijinta, ta ce launin bai karɓe ta ba.

Matsalar asibitin ba ɓoyayya ba ce: ma'aikatan jinya ba sa zama. Duk yarinyar da ta yi shekara biyu hannunta ya faɗa, sai ta fara karatun jarrabawar Turanci a ɓoye, domin a yankinsu na Kottayam da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da hoton 'ya sanye da farar riga a Kuwait ko Dublin ba. Maganin da tsofaffin shugabanni suka sani shi ne kabad ɗin ƙarfe na ofishin Matiron. Ranar da aka ɗauke ki aiki za ki miƙa takardunki na ainihi, a sa su a ambulan, a rubuta sunanki, a kulle, sai kin cika shekara uku. Makullin kuwa yana rataye a ƙugun Sosamma tun da aka yi mata mataimakiya, yana kaɗawa in tana tafiya, har yara kan gane zuwanta tun kafin ta shawo kwana.

Tresa ta zo da nata maganin, kuma daga littafi ta ɗebo shi. Cewa take yi aikin jinya ba allura da ƙarin ruwa ba ne kawai, gindinsa kulawa ce, kuma ma'aikaciyar da ba a kula da ita ba, ba ta da abin da za ta ba mara lafiya. Saboda haka ta kafa doka: kowace safiya kafin a miƙa aiki a zauna minti biyar, shugabar ɗaki ta tambayi kowace yadda ta kwana da abin da ke damunta. Ta manna takarda a bango kowa ta zaɓi ranar hutunta. Ta hana a haɗa wa mutum aiki biyu a jere. Sosamma ta raɗa wa zaman minti biyar ɗin suna majalisar ƙorafi, kuma a ɗakin maza a tsaye ake yinsa, tana duban agogo.

A mako na uku Tresa ta nemi makullin. Har yanzu Chechi take ce mata, wato yaya, kamar zamanin tana ɗaliba, kuma ladabin nan ya fi zagi ƙona wa Sosamma rai. Sosamma ta kwance makullin ta ajiye a kan tebur da ɗan ƙarfi, ta ce in aka buɗe kabad ɗin nan, kafin wata ya ƙare su biyu ne za su riƙa kwasar fo a asibitin.

"Wadda takarda ce kaɗai ke riƙe da ita, ai ta riga ta tafi, Chechi," in ji Tresa. "Gangar jikinta ce kawai a nan."

Aka raba wa kowa ambulan ɗinta. Cikin mako shida mutum huɗu suka ajiye aiki, kuma Allah ya sani Sosamma ta ji daɗin kowace ɗaya, tana ƙirga su da yatsu a gaban mijinta. Abin da ba ta ƙirga ba shi ne wasu biyu da suka daɗe da komawa wani asibitin kuɗi a Ernakulam suka ji labari suka dawo da ƙafarsu. Wannan ba ta kai shi gida ba.

Amma ba kujerar ce ta fi ci mata rai ba. A da, duk yarinyar da likita ya daka wa tsawa, ko saurayi ya yaudara, ko mara lafiya ya mutu a hannunta, ɗakin ajiyar zannuwa take nufa, ta zauna a kan buhun wanki ta yi kukanta. Sosamma kan biyo ta, ta yi mata faɗa son ranta, sannan ta buɗe kwanon abincinta ta tura mata rogo da miyar kifi. Yanzu ƙofar ofishin Matiron a buɗe take wuni guda, yara na shiga da jajayen idanu suna fitowa suna dariya. Sosamma kan wuce ta gaban ƙofar da tire a hannu, ta ji dariyar, ta ƙara sauri. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ta sani, sai dai ko a gaban Fada ranar furta zunubi ba ta ambace shi ba.

Abin da ke rarrashinta guda ɗaya ne: Dhanya tata ce. 'Yar wani mai tsagar itatuwan roba ce daga can saman duwatsu, ta zo shekara biyu da rabi da suka wuce hannunta na rawa, ba ta iya ko fasa kwalbar allura ba sai ta yanke. Sosamma ce ta riƙe hannun nan har ya tsaya. Yanzu tsohon da gudawa ta tsotse, jijiyarsa ta ɓace, likitoci sun huda shi sau huɗu sun gaza, Dhanya ake kira, kuma sau ɗaya take sokawa. Ɗa guda Sosamma ta haifa, yana Bangalore, yana bugo waya ranar Lahadi ta minti huɗu. Don haka kullum abincin mutum biyu take zubawa a kwanon, kuma in ba kowa a kusa Dhanya ba ta ce mata Sista, Amma take cewa, yadda take kiran mahaifiyarta. Ranar da aka raba ambulan, Dhanya ta karɓi nata ta cusa a jaka ba ta ko buɗe ba, Sosamma ta ga haka ta ce a ranta, to, ga guda da littafi bai saye ba.

Ranar wata Talata a watan Oktoba, bayan likita ya gama zagaye, Tresa ta shigo ɗakin maza da takarda a hannu. Shaidar ƙwarewar aiki ce, irin wadda masu ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasashen waje ke nema, kuma ba sa karɓar sa hannun kowa sai na shugabar ɗakin da mutum ya yi aiki a ƙarƙashinta. Dole ta isa ofishinsu ranar Juma'a kafin sha biyu. In ta wuce, sai rukuni na gaba, kuma kafin nan sakamakon jarrabawar Turancin ya ƙare wa'adinsa, sai an sake daga farko. Sosamma ta gyara tabarau ta duba sunan da ke sama. Dhanya ce, kuma Ireland za ta.

"Na ɗauka ta gaya miki," in ji Tresa, da ta ga fuskarta.

Sosamma ta tambaya tun yaushe. Tresa ba ta iya ƙarya ba, wannan ma yana cikin abubuwan da ke ba da haushi game da ita. Wata huɗu ke nan ta sani. Ita ce ta gyara jadawalin aiki don yarinyar ta samu zuwa Kochi ganawa da masu ɗaukar, kwana biyun nan na watan Agusta. Sosamma ta tuna kwana biyun sarai. Dhanya ta ce mata gwaggonta ce ba lafiya, ita kuwa ta ba ta man zafi ta kai mata, har kyandir ta kunna wa gwaggon a coci.

Ta ce za ta duba. Ta ja aljihun tebur ta sa takardar a ƙarƙashin akwatin ma'aunin zafi, ta tura ta rufe.

Ranar Laraba ba ta ɗaga murya ga kowa ba, abin da ya sa ɗakin duka ya sha jinin jikinsa. "Sista Dhanya, gado na tara." "Sista Dhanya, a canja ruwan gado na sha bakwai." Yarinyar na biye da ita da ido wuni guda tana neman fuska, Sosamma ta ƙi ba ta. Da lokacin abinci ya yi ta shiga ɗakin zannuwa ita kaɗai ta sa sakata, ta cinye rabon mutum biyu tas don kada ta koma da shi gida a yi mata tambaya, ta wuni cikinta na ɗaure.

Tambayar ba ta kauce mata ba duk da haka. Mijinta Kuriachan, tsohon kwandastan motar gwamnati wanda ritaya ta bar shi ba shi da aiki sai karatun jarida da sa ido, ya kalle ta tana shan ruwan zafi da citta ya ce wa ya mutu. Ta ba shi labari, amma ta fuskar gadaje talatin da biyu da ma'aikata biyar, da yadda wasu ke karanta littattafan Turawa su zo su watse asibitin mutane. Ya naɗe jaridarsa a hankali.

"Da ke ta fara gaya wa, da tuni kin sa hannu har kin fara yi mata achar, yajin mangwaron nan naki na guzuri," ya ce. "Ba tafiyar ce ke cin ki ba, Sosamma, layin ne. An sa ki ta biyu."

Ta ce masa wanda ya ƙare rayuwarsa yana yage tikiti ba shi zai koya mata aikinta ba. Ya ce daidai ne, amma ya daɗe yana kallon fuskar waɗanda aka riga su kujerar taga.

Washegari a mota ta zauna ɓangaren da ba ta saba ba, amma duk da haka sai da ta ga gidan tsohuwar ƙawarta Leelamma. Bene ne hawa biyu, da jan rufi da ƙofar ƙarfe mai zanen inabi, kuma shekara ashirin ke nan tana wuce shi kowace safiya. Tare suka gama makaranta, tare aka kira su Muscat a shekarar casa'in da huɗu. Leelamma a asibitin gwamnati take, takardunta na hannunta, ta tafi. Na Sosamma suna cikin kabad ɗin nan. Ta durƙusa a gaban Matiron ta wancan zamani, wata tsohuwar sista mai lulluɓi da ake kira Benedikta, wadda ke sonta ƙwarai, har takan ajiye mata ayaba soyayya. Tsohuwar ta shafa kanta ta ce Ubangiji ya fi bukatarta a nan, kuma ina za ta samu wata mai hannu irin nata? Sosamma ta tashi tana jin an yabe ta. Sai da ta haura arba'in ta fara gane abin da aka yi mata, kuma har yau ba ta yanke hukunci ko ta yafe ba.

Ta iso ta tarar zazzaɓin damina ya kwantar da biyu daga cikin yaranta. Gadaje talatin da biyu, duk a cike, har da uku a baranda, ma'aikata uku. Ta aika a gaya wa Matiron, da ɗan daɗi a ranta, don ta ga yadda littafi zai wanke mutum talatin da biyar. Bayan minti goma sai ga Tresa ta cire sari ta sa farar riga, ta tsaya a gabanta ta ce, "Wane layi zan ɗauka, Chechi?"

Sosamma ta ba ta mafi muni, layin taga, inda tsoho Pappachan yake, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar wata uku, bayansa duk gyambo, bakinsa kuwa lafiya lau, don ba wanda bai zaga ba har Fada. Daga nesa take satar kallonta tana jiran kuskure. Sai ta ga Tresa ta tsaya a bakin gadon ta murza tafukanta har suka yi ɗumi kafin ta taɓa shi. Ta ga ta jawo kujera ta zauna don kada tsohon ya riƙa ɗaga kai yana kallonta. Da ta gama wanke gyambon ta zuba man kwakwa a hannu ta murza masa dugadugai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin littafin makaranta. Sosamma ta san inda aka samo su, domin hannunta ne take kallo a jikin wata.

Sai wajen ƙarfe uku suka samu zama. Tresa ta biyo ta ɗakin zannuwa da wani kundi mai baƙin bango, rubutun da ta yi na digirinta, ta buɗe inda ta sa alama ta miƙa mata. Turancin Sosamma na aiki ne, amma ya isa. Labarin wata ɗaliba ce da ta suma a ɗakin tiyata, da wata da aka kira Sista S., wadda ta zaunar da ita a kan buhun wanki, ta tambaye ta ko ta karya, ta ciyar da ita, sannan ta kama hannunta ta mayar da ita wurin mutumin da aka yanke wa ƙafa ta ce ta riƙe masa hannu har ya farfaɗo. Shafi goma sha ɗaya aka yi ana fassara abin da ya faru cikin rabin awa, da manyan kalmomi da sunayen farfesoshi. Tresa na tsaye tana murmushi, da alama ta daɗe tana tanadin wannan rana.

Sosamma ta rufe kundin. Ba ta ji sanyin da aka so ta ji ba, wuta ma aka ƙara mata.

"Wato ni na yi, ke kika rubuta, aka ba ki kujerar."

Murmushin ya ɗauke. Tresa ta ce haka ne, kuma ba ta da amsar da za ta gyara wannan. Ta ce maganar takardar Dhanya, tana iya kai ta gaban Fada a tilasta, amma ba za ta yi ba. Har ta kama ƙofa ta juyo.

"Abu ɗaya ne ban sa a ciki ba, Chechi. Ban rubuta cewa lokacin da kike ciyar da mu makullin na ƙugunki ba. Ina ganinsa ina cin rogon."

Juma'a ta zo da hasken rana, karon farko cikin mako. Motar da ke kai saƙo Kochi ƙarfe tara take tashi, in an rasa ta sai dai mutum ya ɗauki hayar tasi. Tara ta wuce. Tara da rabi Sosamma na ƙirga zannuwa, ta ji an turo ƙofa an rufe. Dhanya ce, ta zauna a kan buhun ba tare da an ce ta zauna ba, idanunta sun kumbura. Ta fara ba da haƙuri kan maganar gwaggo, tana haɗa ta da zancen ƙannenta biyu da ke makaranta da kafaɗar mahaifinta da ta fara ƙin ɗaga wuƙar tsaga. Sosamma ta katse ta. Ta ce duk wannan ta sani, ba yau aka fara tafiya ba, tambayarta ɗaya ce: me ya sa waccan ta ji wata huɗu kafin ita?

"Ita in na gaya mata, Allah ya kiyaye hanya za ta ce," in ji Dhanya. "Ke kuwa, Amma, ba sai kin ce komai ba. Kallona kawai za ki yi, in fasa." Ta share hanci da bayan hannu. "Yanzu ma in kin ce in zauna, na zauna. Ki yaga takardar, ba zan gaya wa kowa ba."

Ga abin da Sosamma ta kwana uku tana nema, an kawo mata har cikin ɗaki. Yarinyar tata ce, ba ta Tresa ba, kuma kalma ɗaya ta isa. Har kalmar ta hau kan harshenta, ta ji yadda za ta fito da taushi: ina zan samu wata mai hannu irin naki? Hannunta ma ya ɗaga zai shafa kan yarinyar. A nan ta tsaya, domin ta san wannan hannun da wannan maganar, ta taɓa durƙusawa a ƙarƙashinsu.

Ta sauke hannun ta ce mata ta tashi daga kan zannuwan mutane. Ta fita ta ja aljihun tebur, ta ɗaga akwatin ma'aunin zafi. A gurbin da aka bari don ƙarin bayani, wanda yawanci layi ɗaya ake cikawa, ta rubuta har ta gangara gefen takardar, ta sa hannu, ta buga hatimi da ƙarfin da ya sa Pappachan ya tambaya daga gadonsa ko harbi aka yi. Sannan ta buga wa Kuriachan waya ta ce ya nemo tasin ɗan ƙanensa yanzu-yanzu, ya kai wata takarda Kochi kafin sha biyu, kuma in ya kuskura ya ce mata uffan a kai zai kwana da yunwa.

Bayan mako bakwai aka yi sallama a gidan su Dhanya, can cikin gonar roba. Sosamma ta kwana uku tana haɗa achar ɗin ɗanyen mangwaro da barkono da man riɗi, ta cika babbar kwalba, ta naɗe ta da leda da salatif har ba a ganin abin da ke ciki. Ta iso ta tarar Tresa ta riga ta, tana zaune a baranda da kofin shayi, kuma kyautarta na saman kaya a akwati: wani ƙaton littafi kan kulawa a aikin jinya, da rubutun hannu a shafin farko.

Kilo talatin jirgi ya yarda. Mahaifin Dhanya ya rataya akwatin a sikelin da yake auna faifan roba, maƙwabta sun kewaye suna ba da shawara. Da kwalbar a ciki, allurar ta wuce da kilo ɗaya da rabi. Aka cire takalmi, bai isa ba. Uwar ta hana a taɓa garin shinkafa da soyayyar ayaba. Sosamma ta tsaya gefe tana kallon wata bishiyar gwanda kamar ba ruwanta, alhali ko numfashi ba ta yi sosai. Dhanya ta durƙusa ta dubi littafin, ta dubi kwalbar. Ta ciro littafin ta miƙa wa Sosamma ta ce ta ajiye mata, ai ta riga ta san abin da ke ciki.

Tresa ta yi dariya ta ce da ita ce ma haka za ta zaɓa, a can littafi ba ya wuya, achar ne babu. Sosamma ba ta yi dariya ba, amma wani daɗi ya ratsa ta tun daga ƙafa, ta juya ta kalli Tresa ido cikin ido, karo na farko tun watan Yuni. Daɗin ya kai ta har lokacin da aka sa akwati a mota, Dhanya ta sunkuya ta taɓa ƙafafunta, motar ta gangara ta sha kwanar da ke bayan itatuwa. Daga nan sai ta ga tana tsaye a tsakar gidan mutane da littafin wata a hannu. A adaidaita ɗaya suka sauko da Tresa har bakin titi.

Ranar Litinin aka turo mata sabuwa, wata siririya mai suna Athira, wadda ta fasa kwalbar allura ta farko ta yanke yatsa. Da rana Sosamma ta buɗe kwanonta a ɗakin zannuwa ta ga abincin mutum biyu ta zubo, hannunta bai ji labari ba. Ta leƙa ta kira yarinyar ta tambaye ta ko ta ci wani abu. Athira ta ce e, Matiron ta ba ta shayi da biskit a ofis da safe.

Sosamma ta ja tsaki.

"Biskit abinci ne? Zauna."

Ta tura mata kwanon, ta zauna tana kallon yatsan nan mai filasta a kan rogon. Shekara biyu ke gare ta da wannan kafin ita ma ta tafi, in ta yi sa'a, biyu da rabi.